Bayan an raba gari, wa zai raba gardama?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu na jaridarka mai farin jini domin mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani ɓangare na maganar ficewar ƙasashe daga ƙungiyoyin haɗin kai, wanda muke ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Duk sanda wata ƙasa ta ce ta fita, muhawara takan tsaya ne a kan ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Mu abin da ya dame mu shi ne washegarin fita. Ƙasar tana nan inda take, iyakarta ba ta gusa ba, 'ya'yanta na zaune a ƙasashen da ta bari, ana bin ta bashi, ita ma tana bin wasu. Hulɗa ta zama dole, kuma zo mu zauna, zo mu saɓa ne. To idan an saɓa, ina za a kai ƙara? Kotun ƙungiya, wadda a da take raba gardama, ita ce abu na farko da mai fita ba ya son ya ƙara jin sunansa.

Matsayinmu dai shi ne, rabuwar da ba a rubuta mata hanyar warware saɓani ba, da sunayen masu yanke hukunci da adadin kwanakin kowane mataki, ba a gama ta ba, ko da an sauke tuta an kwashe kujeru.

A fara da abin da dokokin ƙungiyoyin suka tanada. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya ba ƙasar da ke son fita shekara 2 daga ranar da ta miƙa takarda, ya kuma wajabta wa Tarayyar ta zauna da ita a tsara yarjejeniyar fita. Birtaniya ta miƙa tata takardar ranar 29 ga Maris 2017, aka ƙara wa'adi har sau uku, ta fita ranar 31 ga Janairu 2020, sannan aka ci gaba da aiki da tsofaffin dokoki zuwa ƙarshen shekarar domin a samu sararin ƙulla yarjejeniyar kasuwanci. Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 kuwa sakin layi biyu ne kacal: a ba da sanarwar shekara guda a rubuce, a kuma ci gaba da cika alkawura a cikin wannan shekarar. Bai ce komai ba a kan bashi, ko ma'aikata, ko shari'o'in da ke gaban kotu, ko mutanen da fita za ta tarar da su a wata ƙasa. Abin da ya rage a dogara da shi sai Yarjejeniyar Vienna ta 1969 a kan dokar yarjejeniyoyi, wadda sashenta na 70 ya ce fita ba ta shafe haƙƙi ko nauyin da ya riga ya tabbata kafin fitar. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ba ta faɗi nawa ne bashin ba, ba ta kuma naɗa wanda zai lissafa ba.

Wanda yake son ya ga abin da ke faruwa idan aka watse haka nan, ya duba Gabashin Afirka a 1977. Kenya da Tanzaniya da Yuganda suna da jirgin ƙasa ɗaya, kamfanin jirgin sama ɗaya, hukumar tashoshin ruwa ɗaya, gidan waya ɗaya. Da ƙungiyarsu ta rushe, kowa ya riƙe abin da ya tarar a ƙasarsa. Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya a Fabrairun 1977, ba ta buɗe ba sai Nuwamban 1983. Sai da aka nemo mai shiga tsakani daga waje, wani jami'in diflomasiyya ɗan Suwizalan mai suna Victor Umbricht, da taimakon Bankin Duniya, kafin a sa hannu a kan rabon kadarori da basussuka ranar 14 ga Mayu 1984: Kenya kashi 42 cikin ɗari, Tanzaniya 32, Yuganda 26. Shekara bakwai ke nan ana lissafin taragon jirgi da gine-gine, tsofaffin ma'aikatan ƙungiyar kuwa sun shafe shekaru masu yawa bayan nan suna bin haƙƙinsu na fansho a kotuna. Abu ɗaya da masu rubuta yarjejeniyar 1984 suka yi na hangen nesa shi ne sanya wani sashe da ya ce ƙasashen za su nemi hanyoyin sake haɗa kai. A kan wannan sashe aka gina sabuwar ƙungiyar da aka sa wa hannu a 1999.

Birtaniya da Tarayyar Turai, duk da zafin rigimarsu, sun kauce wa wannan, kuma tsarin da suka bi ya cancanci a duba shi dalla-dalla. Ginshiƙinsa shi ne kwamitin haɗin gwiwa na dindindin, mai shugabanni biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, wanda dole ya zauna aƙalla sau ɗaya a shekara, ko duk sanda wani ɓangare ya nema. Ba ya yanke shawara sai da yardar kowa, amma abin da ya yanke yana hawa kan kowa kamar rubutun yarjejeniyar. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan kwamitoci na ƙwararru: na haƙƙin 'yan ƙasa, na kuɗi, na Ayalan ta Arewa (yankin Birtaniya da ke iyaka da ƙasar Ayalan, mamba a Tarayyar) da sauransu. Yarjejeniyar kasuwanci da aka cimma ranar 24 ga Disamba 2020 ita ma ta kafa tata majalisar da nata kwamitocin, na kwastan, na kamun kifi, na makamashi, na sufurin mota. Mutane sukan raina irin waɗannan kwamitoci, su ce shan shayi ne da karɓar alawus. Amma a nan ne mafi yawan saɓani yake mutuwa tun bai kai kunnen 'yan siyasa ba. Misali, ƙa'idar asalin batirin motocin lantarki ta so ta jawo kuɗin fito na kashi 10 cikin ɗari daga Janairun 2024, abin da zai cuci masana'antun ɓangarorin biyu. A Disamban 2023 majalisar ta ɗage ƙa'idar zuwa ƙarshen 2026 da takarda guda, ba tare da an sake buɗe yarjejeniyar ba.

Idan kwamiti ya kasa, sai a hau mataki na gaba, kuma a nan ne lissafin kwanaki yake da muhimmanci. A yarjejeniyar fita, mai ƙorafi yana rubuta takarda ya nemi tattaunawa. Idan wata 3 ya cika ba a daidaita ba, yana da ikon neman a kafa kwamitin alƙalan raba gardama, ko abokin saɓaninsa ya so ko bai so ba. Wannan "ko bai so ba" ɗin shi ne ran tsarin gaba ɗaya, domin duk hanyar da take buƙatar yardar wanda ake ƙara kafin a saurari ƙara, hanya ce da wanda ake ƙarar zai toshe. Alƙalan mutum 5 ne, ana zaɓo su daga jerin sunaye 25 da aka tanada tun kafin a yi rigima: kowane ɓangare ya kawo 10, su haɗu su amince da 5 waɗanda za su iya shugabanci. Kowane ɓangare ya ɗauki biyu, waɗannan huɗun su zaɓi shugaba, idan sun kasa sai babban sakataren Kotun Dindindin ta Sasanci da ke birnin Heg ya zaro sunan ɗaya bisa sa'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka bari sai rai ya ɓaci sannan a nemi alƙali, duk sunan da wani ya kawo, ɗayan zai ce ɗan koren abokin gaba ne. Hukunci yana fitowa cikin wata 12, ko wata 6 idan lamarin na gaggawa ne.

Yarjejeniyar kasuwancin ta fi wannan sauri, domin kaya ba sa jira: tattaunawa kwana 30, ko 20 idan kayan masu lalacewa ne, alƙalai 3, rahoton wucin gadi cikin kwana 100, hukunci cikin kwana 130, ba zai wuce 160 ba ko ta halin ƙaƙa.

Tambayar da kowa yake yi ita ce, idan an yanke hukunci ƙasa ta ƙi bi fa? Babu ɗan sandan da zai kama ƙasa. Abin da aka tanada shi ne, wanda ya sha kaye ya faɗi cikin kwana 30 tsawon lokacin da yake bukata ya gyara, idan an yi gardama a kan lokacin alƙalan su tsayar. Idan lokacin ya wuce bai gyara ba, a yarjejeniyar fita ana iya ci masa tara. Idan wata guda ya wuce bai biya ba, ko wata 6 ya wuce yana kan taurin kansa, mai ƙara yana iya dakatar da wasu alkawuran da ke kansa. Amma ramuwar tana da linzami: dole ta zo daidai gwargwadon ɓarnar, dole a janye ta da zarar an gyara, wanda aka rama a kansa yana iya komawa gaban alƙalai ya ce an wuce gona da iri, sannan an haramta taɓa sashen haƙƙin 'yan ƙasa. Wato komai zafin rigima a kan kifi ko kuɗi, ba za a huce a kan ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara goma tana aiki a ƙasar da ba tata ba. A ganinmu wannan shi ne sashe mafi daraja a duk takardar.

An gwada tsarin a aikace, kuma a kan wani ɗan siririn kifi ne mai shigewa cikin yashi, wanda tsuntsayen teku ke rayuwa a kansa. A Maris 2024 Birtaniya ta hana kama shi a ruwan Ingila na Tekun Arewa da duk ruwan Sikotlan. Masuntan Danmak, waɗanda su ne ke da mafi yawan kason kifin, suka koka. Tarayyar Turai ta nemi tattaunawa a Afrilu, ta nemi alƙalai a Oktoba, aka saurari ɓangarorin a Heg a ƙarshen Janairun 2025, hukunci ya fito bayan wata uku. Alƙalan suka ce hanin Sikotlan ya tsaya, amma a na Ingila ba a auna haƙƙin masuntan Turai yadda yarjejeniya ta ce a auna ba. Kowa ya fito yana cewa shi ya yi nasara, kuma wannan ba laifi ba ne, hukuncin da ya bar wa kowace gwamnati abin faɗa wa mutanenta ya fi saurin samun biyayya. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Mayu 2025, ɓangarorin suka zauna a Landan suka tsawaita izinin kamun kifi a ruwan juna zuwa 2038.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Inda abin ya fi lalacewa shi ne duk sanda wani ɓangare ya tsallake kwamiti ya yi gaban kansa. A Satumban 2020 gwamnatin Birtaniya ta kai wa majalisarta ƙudurin da zai ba ministoci ikon yin watsi da wasu sassan yarjejeniyar Ayalan ta Arewa, har wani minista ya amsa a zauren majalisa cewa ƙudurin ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Sai a Disamba aka cire sassan. Ranar 29 ga Janairu 2021 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta yi nata kuskuren, ta yunƙura za ta yi amfani da sashe na 16 na yarjejeniyar Ayalan ta Arewa, na matakin gaggawa, a kan fitar da allurar rigakafin korona, ta janye cikin sa'o'i da aka yi mata ca. Ɓarnar dai ta riga ta auku, domin daga ranar duk mai son yin barazana da sashe na 16 a Landan ya samu hujja. Sashen gaggawa yana da amfani, amma idan ba a rubuta masa sharuɗɗa masu tsauri ba, kamar sanarwa kafin aiki da zama a duba shi lokaci-lokaci, yakan zama ƙofar da kowa zai bi ya gudu daga alkawari.

Matsala ta biyu ita ce ɗaure wata magana da wata. Saboda rigimar Ayalan ta Arewa, Tarayyar ta ƙi kammala shigar Birtaniya shirin binciken kimiyya na Horizon, alhali babu abin da ya haɗa masu bincike a jami'o'i da binciken kwastan a tashar Belfast. Sai da firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, da shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, suka cimma daidaiton Windsor ranar 27 ga Fabrairu 2023, wanda ya raba kayan da za su tsaya a Ayalan ta Arewa da waɗanda za su wuce kasuwar Turai, sannan maganar kimiyya ta warware a Satumba. An yi asarar kusan shekara uku.

Ta uku ta fi ƙanƙanta a ido, amma ita ta fi yawan jawo rikici: hujja. An yarda cewa masuncin da ya saba kamun kifi a wani ruwa zai ci gaba, in dai ya nuna shaidar ya saba. Ba a fayyace wace irin shaida ba. Manyan jirage suna da na'urar da ke nuna wa tauraron ɗan'adam inda suke, amma ƙananan da ba su kai mita 12 ba doka ba ta tilasta musu ɗaukar ta ba. Da aka hana da yawansu lasisi, ranar 6 ga Mayu 2021 jiragen masuntan Faransa suka yi dafifi a bakin tashar tsibirin Jersey, wanda ke ƙarƙashin masarautar Birtaniya kusa da gaɓar Faransa, Birtaniya ta tura jiragen sintiri biyu na sojan ruwa, a Faransa kuma aka fara maganar yanke wa tsibirin wutar lantarki. Layi biyu a cikin yarjejeniya, masu cewa littafin kamu ko rasidin sayarwa ya wadatar, da sun hana wannan. Haka ma maganar asalin kaya. An ce babu kuɗin fito, 'yan kasuwa suka yi murna, sai suka tarar rangwamen na kayan da aka yi a Birtaniya ko a ƙasashen Tarayyar ne kawai. Rigar da aka ɗinka a Asiya, aka sauke ta a rumbun ajiya a Ingila, aka sake tura ta Faransa, sai an biya mata.

Sai maganar mutane da ta kuɗi, a gurguje. Birtaniya ta buɗe rajista ga 'yan Tarayyar da ke zaune a ƙasarta kafin ƙarshen 2020, wanda ya cika shekara 5 ya samu izinin dindindin. An yi tsammanin mutum miliyan uku da ɗoriya, amma zuwa ranar rufewa, 30 ga Yuni 2021, takardun neman izini sun haura miliyan 6. Babu gwamnatin da ta san adadin baƙin da ke ƙasarta bayan shekaru ana shiga ba biza. An kuma kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido, wadda ta kai gwamnatin ƙara, babbar kotu ta ba ta gaskiya a Disamban 2022 cewa ba za a ƙwace wa mutum haƙƙinsa don kawai bai sake cika takarda ba. A kan kuɗi kuwa, dabarar da ta yi aiki ita ce yarda da hanyar lissafi maimakon jayayya a kan jimla. An ƙiyasta fam biliyan 35 zuwa 39 a lokacin, amma abin da aka rubuta shi ne yadda za a fitar da kason Birtaniya, da aiko mata da lissafi sau biyu a shekara, da mayar mata da jarinta na yuro biliyan 3.5 a Bankin Zuba Jari na Turai a biya sau 12.

Malam Edita, idan aka ɗora ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS a kan wannan ma'auni, za a ga inda giɓin yake. Ƙasashen uku sun sanar ranar 28 ga Janairu 2024 cewa sun fita nan take, ECOWAS ta ce sai shekarar da sashe na 91 ya tanada ta cika, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar, Hukumar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su su shiga su zauna ba biza, su kuma ci gaba da ba kayansu rangwamen kasuwanci, har sai an ji wata sanarwa. Ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa, shi ma tun a Disamban 2024 ya ce ƙofarsa a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Wannan abin yabo ne, kuma ya hana wahala mai yawa. Amma sanarwa biyu da ke fuskantar juna ba su zama yarjejeniya ba. Wanda ya yi sanarwa shi kaɗai zai iya janye ta shi kaɗai, kuma direban da jami'in kan iyaka ya tare ba shi da inda zai kai takardar ƙorafi. Zaman farko da aka yi a Bamako ranar 22 ga Mayu 2025, tsakanin shugaban Hukumar ECOWAS na lokacin Omar Alieu Touray da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku, shi ne irin zaman da ya kamata ya zama kwamiti na dindindin mai sakatariya da ranakun taro.

Abubuwan da ke jiran irin wannan kwamiti ba na ado ba ne. A tsarin rangwamen ECOWAS, kayan masana'anta ba sa wucewa kyauta sai kwamitin ƙasa ya tantance kamfanin, ya tabbatar an ƙara wa kayan daraja a gida da aƙalla kashi 30 cikin ɗari, an kuma sanar da Hukumar. To bayan fita, wa zai tantance sabon kamfani a Wagadugu, wa kuma zai karɓi tantancewar? Akwai takardar inshorar mota mai ruwan ƙasa da aka kafa a 1982, wadda ke biyan diyyar haɗari a wata ƙasa. Akwai takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi ta 1998. Akwai harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ake karɓa wa ECOWAS a kan kayan waje, wanda AES ta kafa nata makamancinsa a Maris 2025, sai a fayyace kayan wa ya shafa don kada a karɓa sau biyu. Akwai Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma da aka kafa wa hedikwata a Bobo-Dioulasso, da fanshon ma'aikata, da hannun jari da rancen bankin ECOWAS da ke Lome. Ga kuma wani ruɗani: ƙasashen uku sun ci gaba da zama a ƙungiyar UEMOA mai kuɗin sefa, don haka dangantakarsu da Senegal ko Togo tana da wata doka da za ta faɗa a kai, amma da Najeriya ko Gana babu.

Rigimar Nijar da Benin ta nuna abin da rashin alƙali ke jawowa. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 ya taso daga Agadem zuwa tashar Seme. Nijar ta ƙi buɗe iyakarta bayan an ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024, a Mayu Benin ta hana loda man, sai da Sin ta sa baki, a Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, daga baya tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka tafi Yamai neman sulhu. Dattawa sun yi abin da ya dace, amma ba za a riƙa jiran dattawa su taso duk sanda jirgi zai ɗauki kaya ba. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 125, ta ba ƙasar da ba ta da gaɓar teku haƙƙin ratsawa, sai dai ta bar sharuɗɗan ga yarjejeniyar ƙasashen da abin ya shafa. Muna kuma ganin yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023 kuskure ne da bai kamata a bar ƙofar maimaita shi ba. Wuta da magani da hanyar zuwa teku su shiga jerin abin da ramuwa ba ta taɓawa, tare da haƙƙin zama.

Wace kotu ke nan? Ƙasashen uku ba za su koma kotun ECOWAS da ke Abuja ba, musamman bayan hukuncinta na 15 ga Disamba 2023 na a saki Mohamed Bazoum, wanda ba a bi ba. Turai ta fuskanci irin wannan. A yarjejeniyar fita, da yake cike take da dokokin Tarayyar, dole alƙalai su tura duk tambayar fassarar waɗannan dokoki kotun Tarayyar da ke Lukusambur, abin da ya yi ta ci wa 'yan siyasar Birtaniya tuwo a ƙwarya. A yarjejeniyar kasuwanci aka kauce wa haka ta hanyar rubuta ƙa'idojin a matsayin sababbi, mallakar ɓangarorin biyu. Ita ce hanyar da ta dace a nan: kada a ce "kamar yadda dokar ECOWAS ta tanada", a kwafo ƙa'idar a cikin sabuwar takarda, alƙalan raba gardama su fassara ta. Kuma kada a ce waɗannan ƙasashe ba sa yarda da alƙalin waje. Mali da Burkina Faso sun karɓi hukuncin Kotun Duniya a kan iyakarsu a 1986, shekara guda bayan sun gwabza yaƙi. Benin da Nijar sun karɓa a 2005 a kan tsibirin Lete, Burkina Faso da Nijar a 2013. A duka ukun, ƙasashen da kansu suka rubuta tambayar suka kai kotu tare.

Akwai abin da za a rasa wanda babu kwamitin da zai maye gurbinsa sai an yi da gangan. Tun 2005 ɗan ƙasa yana iya kai gwamnatinsa ƙara kotun ECOWAS kai tsaye a kan tauye haƙƙi, ba sai ya gama da kotunan gida ba. Alƙalan raba gardama kuwa gwamnatoci kaɗai suke saurara. A Turai an rubuta cewa shari'o'in da ke gaban kotun Tarayyar kafin ƙarshen 2020 za a ƙarasa su, an kuma ba da shekara 4 a shigar da ƙara a kan laifin da ya gabaci ranar. Ya kamata duk takardar da ECOWAS da AES za su sa wa hannu ta faɗi makomar shari'o'in da aka shigar kafin 29 ga Janairu 2025, ta kuma ba ɗan kasuwa da direba da makiyayi ikon dogara da sassan da suka shafe su a gaban kotun ƙasar da aka tare su. Ko hukuncin Kotun Duniya na 2002 a kan Bakassi bai aiwatar da kansa ba, sai da hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Kamaru ta yi ta zama, aka yi yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. Don haka a ware wa sakatariyar kuɗin aiki tun a cikin takardar, a faɗi kason da kowane ɓangare zai biya, a kuma wajabta buga sakamakon kowane zama da Faransanci da Ingilishi da manyan harsunan yankin, domin jami'in da ke bakin shinge da mutumin da ya tare su karanta abu ɗaya.

Muna godiya da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu nazarin dokar ƙasa da ƙasa da harkokin kwastan.